Wa Ya Gyara Allon?

Shafi na 27

Indo da Halimatu, na ga saƙonninku tun jiya, ku sassauta min. Kun ce na ja muku rai da zancen baƙuwar nan, to yau ga ta ta iso. Kowa ya gyara zama.

*

Tun kafin a kira la'asar Malam Haladu ya saka farar jallabiyarsa ta Juma'a, alhali ranar Talata ce. Sau uku yana buɗe ƙofa yana leƙa titi.

Shekara talatin da ɗaya ke nan da ya baro Damagaram, yana kula da ɗakunan sanyin dabino a gonar kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa yake zaune a ƙasar, can bayan gari. A duk tsawon zaman nan nasa a unguwar Harra ta Yamma da ke Madina, ba a taɓa yin mutumin da ya taso tun daga Jidda takanas saboda gidansa ba. Sai yau.

"Azumi! Gahawar nan ta yi kuwa?"

Daga kicin matarsa ta amsa, "Malam, wannan tambaya ta huɗu ke nan. Ta yi."

Radiyya ce ta fito da faranti, dabinon ajwa a gefe, ƙananan kofuna a gefe. Ita ce autarsu, shekararta ashirin da shida. Ya dube ta sama da ƙasa.

"Ke kuma yau ɗaya dai ki rabu da kwamfutar nan, ki taya uwarki aiki. Baƙuwar yayanki ce."

"To, Baba."

Shi kuwa yayan nata, Abdulmajid, da safen nan ya iso daga Yanbu inda yake aikin injiniya. Yana zaune a kusurwar falo, mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na ta busa sanyi, amma gumi yake yi.

"Kai ɗan nan, saki jikinka mana," in ji Malam Haladu yana dariya. "Kai ka yi aikin, kai kuma kake jin tsoro? Ni fa duk masallacin unguwar nan babu wanda ban faɗa wa ba."

Abdulmajid ya buɗe baki zai yi magana, sai aka ji tsayuwar mota a ƙofar gida.

Doguwar mace ce, da baƙar abaya da jakar kwamfuta a kafaɗa. Ita ta tuƙo kanta. Ta yi sallama, ta gaisa da kowa da Larabcin mutanen Jidda mai sauri.

"Sunana Wafa. Ni ce ke kula da hulɗar kamfaninmu da masu rubuta manhaja ta kyauta, waɗanda ke barin aikinsu a buɗe kowa ya gani, ya gyara, ya ɗauka."

Bayan ta zauna ta zuge jaka, ta fito da wani ɗan koren allo da bai fi tafin hannu ba. Malam Haladu ya washe baki.

"Na san shi! Irinsa ne a ɗakin sanyinmu. Ɗana ya haɗa min bara. In injin ya tsaya sai ya turo min saƙo a waya. Ran nan ba don shi ba da dabinon shekara guda ya lalace."

"Kwamfuta ce sukutum a kan allo ɗaya, ya ammi," ta ce, ta ɗora yatsa a kan wani baƙin guntu da ke tsakiya. "Wannan kuma shi ne cip ɗinmu, shi ne ƙwaƙwalwarta. Shekara uku allon nan yana ba mu kunya a ƙasashe masu zafi. Da rana ta take sai ya kashe kansa. Injiniyoyinmu suka ce ba shi da gyara, mu kuma muka ƙi sakin takardun bayanin cip ɗin ga mutanen waje. Kwatsam sai ga wani daga Madina, yana sa hannu da suna Haladu-Harra, ya gyara shi ba tare da ya ga takardunmu ba. Ya kuma saki gyaran kyauta. Yau allo fiye da dubu arba'in ne ke aiki da shi, daga Kano har Karachi."

Malam Haladu ya ji kamar ƙirjinsa zai fashe. Ya dubi ɗansa.

"Da sunana ma ya sa hannu. Ka ji ɗan albarka."

Wafa ta juya wajen Abdulmajid. "Da sunanka muke aiko alluna na gwaji, shi ya sa na neme ka. Tambaya ɗaya nake ta so in yi maka ido da ido, ya muhandis, tunda kai ne injiniyan. Yaya aka yi ka gane cip ɗin ƙarya yake yi game da zafin jikinsa?"

Abdulmajid ya gyara zama.

"Ya'ani... gwaji ne. Gwaje-gwaje da yawa."

"Na sani. Amma da farko da nawa ka ga yana kuskure?"

"Kamar... digiri bakwai."

"Sha ɗaya."

Muryar daga ƙasa ta fito. Radiyya ce, tana durƙushe tana tsiyaya gahawa, idonta a kan kofi. Da alama ita kanta ba ta san maganar ta fita ba, don nan take ta dafe baki.

Wafa ta juyo a hankali. "Sha ɗaya a ina?"

Radiyya ta saci kallon ubanta.

"A ina, ya ukhti?"

"Daga digiri arba'in da biyar zuwa sama," Radiyya ta ce can ƙasa-ƙasa. "Ƙasa da haka gaskiya yake faɗa. Yana haurawa sai ya ƙara sha ɗaya, ya zaci ƙonewa zai yi, sai ya kashe kansa."

Malam Haladu ya haɗe rai, ya koma Hausa. "Ke! Wa ya sa da ke? Ana maganar manya kina tsoma baki?"

"Baba." Abdulmajid ne, kansa a ƙasa. "Ita ce."

"Ita ce me?"

"Ita ce Haladu-Harra. Wallahi ko layi ɗaya ban rubuta ba. Wanda ke ɗakin sanyinka ma ita ta haɗa, ni ɗauka kawai na yi na kai na ɗaura."

Malam Haladu ya dubi ɗan, ya dubi 'yar, ya sake duban ɗan. Baƙuwar ta sunkuyar da kai tana kurɓar gahawarta, kamar mai ba su wuri.

"Wata uku," ya ce. "Wata uku tun da wasiƙar kamfanin nan ta zo ina yawo da sunanka a baki. Na tsayar da liman a ƙofar masallaci na ba shi labari. Kana kallona?"

"Ita ta roƙe ni."

"Ni na roƙe shi, Baba," Radiyya ta karɓe. "Iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, a ƙarƙashin taka take, an rubuta ba ni da izinin aiki. Ko da ba biyana ake ba, na ji tsoron kada wani ya fassara shi da aiki, abin ya shafe ka."

"Ba shi ke nan ba," in ji Abdulmajid, ya ɗago ido jajir. "Gaskiya ita ce na ji daɗi. Yadda kake kallona tun da wasiƙar ta zo, ban taɓa gani ba. Na kasa cewa ba ni ba ne."

Labulen kicin ya motsa. Azumi ta fito tana goge hannu da gefen mayafi, ko alamar mamaki babu a fuskarta.

"Ke ma kin sani?"

"Malam, ni da aka ƙona wa tukunya biyu?"

"Wace tukunya?"

"Ka tambaye ta abin da take yi a saman rufi da tsakar rana. Ta kwaso baƙaƙen duwatsun nan na bayan gida, ta jera, ta ɗora allon a kai, ta kife da tukunyata. Ta zauna da ma'aunin zafi da littafi, duk minti biyar sai ta rubuta. Wata goma sha huɗu tana wannan. Akwai ranar da na hau na same ta jiri ya kwashe ta, na yayyafa mata ruwa, tana buɗe ido abin da ta fara cewa shi ne, 'Inna, nawa ya nuna?'"



Abin da ya faɗo wa Malam Haladu a rai shi ne ranar da ya zare wayar intanet daga bango ya kulle ta a akwatinsa wata biyu. Ya tuna abin da ya faɗa mata a ranar: cewa sa'o'inta suna koyon abin da zai amfane su, ita tana zaune tana wasa da wayoyi kamar ƙaramin yaro. Ba ta mayar masa da ko kalma ɗaya ba.

"Wata biyun nan da na yanke miki waya," ya ce a hankali, "yaya kika yi?"

"A takarda nake rubutawa. In Yaya ya zo hutu sai in ari wayarsa in tura."

Ya miƙa hannu ya ɗauki ɗan koren allon daga kan tebur. Ya juya shi gaba da baya. Hannunsa da ya saba da sufana da bututun gas ya yi wa allon girma.

"Da sunana kika sa hannu."

"Ba ni da wani sunan da ya fi shi, Baba."

Ya ajiye allon da sauri, ya ciro hankici ya yi kamar gumi yake sharewa. Sannan ya gyara zama, ya juya ga baƙuwar, ya ɗaga murya da Larabcinsa na 'yan aiki wanda shekara talatin ba su goge masa Hausar ciki ba.

"Ya ustaza, ki yi haƙuri, an yi kuskure. Ba wancan ba ne injiniyan. Ga injiniyan nan. Hadi binti. 'Yata ce. A gidan nan aka haife ta, a ɗakin can."

Wafa ta ajiye kofi, ta miƙe tsaye, ta miƙa wa Radiyya hannu.

"Shekara biyu ina karanta rubutunki. Na yi zaton dattijo ne mai furfura."

Radiyya ta yi dariya, hawaye na zubo mata. Uban ya nuna mata kujerar da ke kusa da shi.

"Tashi daga ƙasan nan. Abdulmajid, karɓi butar, kai za ka zuba gahawa."

Abdulmajid ya karɓa ba musu.

Wafa ta fito da takarda daga jaka ta ɗora a tebur.

"Ga abin da aka aiko ni da shi. Kamfani zai ɗauke ki aiki, da iƙama taki ta kanki, da sunanki. Za a ba ki duk takardun cip ɗin, shafi dubu da ɗari biyu, har da na sabon da bai fito ba."

Malam Haladu ya dafe ƙirji. "Allahu akbar."

"Sharaɗi fa?" in ji Radiyya.

"Za ki sa hannu cewa ba za ki nuna wa kowa takardun ba. Abin da za ki rubuta daga yau kuma na kamfani ne, a rufe."

Radiyya ta ja takardar ta karanta har ƙarshe, ba ta tsallake ko layi ba. Ta mayar da ita inda take.

"Shukran. Ba zan sa hannu ba."

"Radiyya!" Uban ya koma Hausa, ya rage murya. "Kin ji abin da ta ce kuwa? Iƙama ce fa, taki ta kanki. Ni na tsufa. Ran da kafil ya ce na huta, ke ina za ki? Ƙasar da ba ki taɓa takawa ba?"

"Na ji, Baba. Kullum da tunanin nan nake kwana."

"To?"

"Ba ni kaɗai na yi aikin nan ba. Mu ɗari biyu da wani abu ne a zaurenmu na intanet, inda muke haɗuwa muna aikin. Akwai Sanusi a Damagaram, garinku, shi ke gwada min a kan famfon rijiya mai aiki da hasken rana. Allo ɗaya gare shi, in ya ƙone shi ke nan, amma bai taɓa ce min a'a ba. Akwai wata malamar makaranta a Omdurman, ana harbe-harbe a unguwarsu tana turo min sakamako. Lokacin da ban san komai ba, mutanen nan suka koya min, babu wanda ya tambaye ni takardar jami'a. Yanzu in shige ciki in ja ƙofa in bar su a waje?"

"Sanusin wane gida?"

"Baba!"

"A'a, tambaya na yi. In na unguwar Birni ne ina iya sanin ubansa."

Azumi ta ƙyalƙyale da dariya ta toshe baki da mayafi.

Malam Haladu ya dubi takardar.  Shi ya san abin da iƙama take nufi, ya san layin da ya bi a kanta da irin kallon da aka yi masa. Ya ɗora yatsu biyu a kan takardar, ya tura ta a hankali har gaban baƙuwar.

"Ya ustaza, kin ji abin da injiniya ta ce. Mu a gidan nan maganarta ita ce magana."

Radiyya ta juya ga Wafa, ta koma Larabci.

"Ki faɗa musu ba aiki muke roƙo ba. Ku kuna sayar da cip, mu muna sa shi ya yi aiki a inda injiniyoyinku ba su taɓa zuwa ba. Ku saki takardun ga kowa. Abin da ya ɗauke ni wata goma sha huɗu a rana, da shafi biyu a hannuna, sati ɗaya ya ishe ni. Kuma akwai matsala irin wannan guda shida da muka lissafa, har yanzu a makance muke laluben su."

Wafa ta dube ta. Sai murmushi ya suɓuce mata. Ta ninke takardar ta jefa a jaka, ta zaro wata.

"Waccan tasu ce. Wannan tawa ce. Wata takwas ina faɗa a kanta a ofis."

"Mece ce?"

"Kamfani zai saki takardun cip ɗin gaba ɗaya a fili, kowa ya sauke. Zai raba alluna ɗari uku ga 'yan zaurenku. Zai ware injiniya biyu su riƙa amsa tambayoyinku. Manyana sun ce in fara gwada ki da ta farko, wai kowa yana da farashi. Na ce musu wannan ba ta da shi. Sun ce in kin ƙi, su kuma sun yarda da tawa."

Radiyya ta rufe fuska da tafukanta biyu. Azumi ta rangaɗa guɗa, har sai da Malam Haladu ya ce, "Ke, a hankali, maƙwabta!" alhali shi ma bakinsa ya ƙi rufuwa.

"A sama kuma za a rubuta sunan wadda ta jawo," in ji Wafa. "Wane suna zan sa?"

Radiyya ta dubi ubanta.

"Faɗa mata mana," ya ce. "Da ƙarfi."

"Radiyya Haladu Isah."

Wafa ta rubuta. Amma ba ta miƙa takardar ba. Ta riƙe biron, fuskarta ta canza.

"Saura abu ɗaya. Ba ni na sa shi ba, lauyoyinmu ne."



"A azumin bara wani ya saka shafi uku na takardunmu na sirri a zaurenku, da sunan ƙarya."

"Ni na goge su," Radiyya ta ce da sauri. "Ko awa ɗaya ba su yi ba. Ban karanta ba, na kuma gargaɗi kowa kada ya taɓa. Gyarana na riga na gama shi kafin nan, kwanan watan yana nan, ku duba."

"Mun duba. Aikinki tsaf yake, babu mai shakka. Amma shafukan nan kamfanoni kaɗan muka ba, kowanne da yarjejeniya. Wani ya karya ta. Lauyoyi sun ce ba za a saki komai ba sai an san ko wane ne. Ke ce mai kula da zauren. Kin san shi?"

"Ban sani ba."

Ta faɗa da sauri ƙwarai. Malam Haladu ya san 'yarsa. Tun tana ƙarama in za ta yi ƙarya sai ta kama kunnenta na hagu. Ga hannun can a kunne.

Sai aka ji ƙarar buta. Abdulmajid ne ya dire ta a kan faranti, gahawa ta fantsama a kan dabino.

"Radiyya," ya ce da Hausa, "bari in faɗa."

"Yaya, yi shiru."

"Na gan ki kin sauko daga rufin nan fatar hannunki ta saɓule. Kamfaninmu na cikin waɗanda aka ba takardun, suna nan a ofishinmu, a cikin kabad, babu mai ko buɗe su. Na ce shafi uku kawai..."

"Na ce ka yi shiru! Aikinka za ka rasa, su kore ka daga ƙasar! Ka bar ni da ita, ba ta san me muke cewa ba, zan ce mata..."

Wafa ta ajiye biron a kan tebur.

Ta ɗago kai ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Da ta buɗe baki, ba Larabci ne ya fito ba. Hausa ce, tsohuwar Hausa mai nauyi, irin ta tsofaffin da suka zo hajji da ƙafa.

"Ƙanwata, ƙyale shi ya ƙarasa. Kakata Bakatsiniya ce. Tun da na shigo gidan nan babu kalmar da ta wuce ni."